Guga ɗaya, ɗaki goma sha biyu: maganar ruwan sha a gidajen hayar Legas

Wata Talata, bayan an kwana ana tafka ruwa, zagayen rigakafi ya kai ni wani gidan haya a Agege, irin gidajen nan na fes-mi-ai-fes-yu, ɗaki shida ta nan, shida ta can, siririn lungu a tsakani. Rijiyar gidan tana can ƙurya. Na ƙirga taku daga bakinta zuwa murfin shadda, taku bakwai. Guga na yashe a ƙasa, igiyarsa kwance cikin ruwan da ya malalo daga kwata. Ina tsaye wata yarinya ta zo ta ɗauka, ta zura, ta jawo ruwa garau. Uwar ta ga ina kallo, sai ta ce, "Malama, mu kam ruwanmu ba shi da matsala, duba ki gani, fari tas."

Wannan farin shi ke yaudararmu. Ƙwayar cutar kwalara, wadda muka fi sani da amai da gudawa, ba ta sauya wa ruwa launi, ba ta sa shi wari. Hanyarta ɗaya ce: ta fita a kashin wani, ta shiga bakin wani ta ruwa ko abinci ko hannu. Kuma yawancin waɗanda suka kwashe ta ba sa ma kwanciya. Mutum na yawonsa lafiya lau, yana zuwa kasuwa, alhali yana zubar da ita a banɗakin da mutum arba'in ke shiga, har kwana da kwanaki.

Ƙa'idar masana ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Wa ke da wannan filin a Agege ko Idi-Araba ko Ijora? Ga shi ruwan ƙasa a Legas a kusa yake, ba a yin nisa da haƙa ake tarar da shi. Da damina ta kankama a Yuni da Yuli, kwata ta cika, shadda ta tumbatsa, sai na ƙasa da na sama su gauraya. A watan Yunin 2024 ne gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar kwalara, abin ya fi ƙamari a Lagos Island, har jami'an lafiya suka alaƙanta wasu da suka kamu da wani kunun aya na gora marar rajista. Ba aya ce ke kawo cutar ba, ruwan da ake damawa da shi ne da hannun da ke tacewa. Masu kunu da zoɓo da ƙanƙara a cikinmu, wannan maganar taku ce.

To, ɗan haya ba shi da ikon matsar da rijiyar mai gida. Abin da ke hannunsa shi ne ruwan da zai shiga bakin iyalinsa. A ware na sha daban, a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti guda. Na san kuɗin gas, ni ma saye nake, shi ya sa nake cewa na sha kaɗai, ba na wanka da wanki ba. In tafasawar ta gagara, akwai maganin ruwa mai kulorin, irin su WaterGuard da Aquatabs, a bi awon da ke jikin kwalbar ko takardar, a jira rabin awa kafin a sha. Alam kuwa kwantar da laka kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayar cuta. Na sha ganin matan da suka jefa alam suka ɗauka an gama.

Ruwan 'yan garuwa ma haka. 'Yan'uwanmu ne, da kurarsu ake rayuwa a unguwanni da yawa, amma ku tambaye su inda suke ɗiba, ku leƙa cikin jarkar. In ta yi kore a ciki, ta daɗe ba ta ga sabulu ba.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne cikin ɗaki. An tafasa ruwa, an juye a randa ko bokiti, sai kuma a bar moɗa ɗaya tana yawo: yaro ya sha ya ajiye a ƙasa, babba ya dawo daga banɗaki ya tsoma ta har wuyan hannu. An koma gidan jiya ke nan. Gara jarka mai ƙaramin baki da murfi, wadda sai dai a tsiyaya, ko bokiti mai famfo. Buta ma ba ta isa ba in babu sabulu. Ɗaurayewa da ruwa zalla bayan an kama ruwa ba ta fitar da abin da muke gudu, kuma alwala ba ta maye gurbin sabulu kafin a taɓa tuwo. Kashin jariri, da muke raina shi muna cewa ai na nono ne, a juye fo ɗin a masai, kada a watsa a kwata.

Yanzu ga abin da na fi so kowa ya riƙe. Kwalara ba da zafin ciwo take kisa ba, da tsiyaye ruwan jiki take yi, kuma cikin sa'o'i kaɗan tana iya kayar da ƙato. Zawon yakan zo tsululu, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sau da yawa ko ciwon ciki babu. Abin da na fi gani shi ne a aika yaro kemis ya sayo Flagyl da ja-da-yalo, a ba marar lafiya, a ce a bari a ga safiya. Wasu ma hana shi ruwa suke yi, wai don gudawar ta tsaya. Wannan hanin shi ne babban kuskure.

Tun daga zawon farko a fara ba da ruwan gishiri da sukari, wato ORS. Ƙunshi ɗaya na lita guda a ruwa mai tsabta lita guda. In babu ma'auni, ledar fiya wata biyu ta rabin lita-lita ita ce litar. In dare ya yi babu na kemis, a haɗa a gida: ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. A riƙa ba da shi kurɓi-kurɓi. In marar lafiya ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Ruwan da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Mai shan nono a ci gaba da ba shi, kuma yara ana haɗa musu da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Ana ba da ruwan ne ana shirin asibiti, ba a zauna ba. In ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, aka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko mutum ya kasa sha, ƙarin ruwa yake bukata yanzu-yanzu. Kada kowa ya ce muku haƙori ne yaro ke fitarwa. Cikin waɗanda suka samu kulawa a kan lokaci, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767, na NCDC kuwa, wato hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, 6232, duk kyauta ne.

Sai maganar kunya. A gidan haya ba a son a ce ɗakin wane ne aka fara zawo, sai a rufe ƙofa a yi shiru, ana wanke zannuwan marar lafiya a bakin rijiya da asuba kafin mutane su tashi. Wannan ɓoyon ne ke raba wa gida duka. A faɗa wa maƙwabta, Bayarabe ne ko Ibo ko namu, domin masai ɗaya ake shiga. Kayan marar lafiya a jiƙa su a ruwan Hypo ko Jik, a wanke nesa da rijiya, a wanke banɗakin da shi. In kuma rai ya yi halinsa, a bari ma'aikatan lafiya su nuna yadda za a yi wankan gawa, don cutar tana nan a jikinta.

A gidan nan na Agege, kafin in fita na nemi kiyateka, wato mai kula da gidan. Na ce, "Baba, ƙusa ɗaya nake roƙo." Ya buga ta a bango sama da rijiyar, aka wanke guga da igiya aka rataye, aka samo wani tsohon kwano aka rufe bakin. Matan suka ce za su sa sabulu cikin karo-karon da suke yi na kuɗin shara. Na ce musu zan dawo ranar awo in duba ko gugan na nan a kan ƙusarsa.