Girkin Dare a Ranakun Aiki: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyalan Kaduna

Uwargidan da ta tashi daga ofis ko makaranta ko shago da ƙarfe biyar na yamma, ta shiga cunkoson titin Ahmadu Bello ko na Kawo, ba kasafai take isa gidanta a Rigasa ko Mando da sauran rana ba, ga yara sun dawo daga Islamiyya suna jiran abin da za su ci. Waɗannan su ne tambayoyin da irin waɗannan iyalai suka fi yi.

Me yake cinye lokaci a girkin dare, kuma ta ina ake rage shi?

Idan aka lura da kyau, dahuwar kanta ba ta da wani tsawo. Abin da yake cinye sa'a guda shi ne gyaran kayan miya, da zuwa wurin mai injin markaɗe, da tsintar wake, da firar doya. Saboda haka girkin daren Talata tun ranar Asabar ya kamata a fara shi. A sayo tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a Kasuwar Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci ko ta Kawo, a markaɗa su gaba ɗaya, a tafasa har ruwan ya tsotse, sannan a soya har sai man ya taso sama ya yi ja, tsamin ɗanyen tumatir ya tafi. Idan ya huce sai a rarraba shi a ƙananan robobi, kowace roba ta girki ɗaya, domin kada a riƙa narkar da babbar roba ana mayarwa. Haka ma nama, a tafasa shi rana ɗaya da albasa da citta, a ajiye romonsa dabam, domin romon nan shi ne rabin daɗin duk abin da za a dafa a makon. A watan Disamba na 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta mayar da ranakun zuwa ofis na ma'aikatanta huɗu a mako, kuma duk wanda tsarin aikinsa ya bar masa safiyar Juma'a, to ya samu lokacin da ya dace da wannan shiri.

Waɗanne abinci ne ake kammalawa cikin rabin sa'a?

Suna da yawa, kuma akasarinsu namu ne na gida. Dafa-dukan taliya da soyayyen markaɗe da kifi banda ba ya wuce minti 20. Faten dankali ko na doya, idan an yanka ƙanana aka zuba alayyahu a ƙarshe, yana nuna kafin a idar da sallar magariba a shimfiɗa tabarma. Acca, wadda ake nomawa sosai a kudancin Kaduna da Filato, tana cikin hatsin da suka fi saurin nuna, sai dai a nemi wadda aka riga aka wanke aka rairaye, domin fitar da yashinta shi ne wahalarta.

Ɗanwake kuwa, a ganina, an rage masa daraja ne kawai da aka mayar da shi abincin rana. Garinsa yana zama a mazubi tsawon makonni, a kwaɓa shi da kuka da ɗan ruwan kanwa, a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa, idan ya taso sama a ba shi 'yan mintuna a tsame. Da mai da yaji da dafaffen ƙwai da yankakken kabeji da tumatir, an samu abinci mai riƙe ciki wanda yara ba sa ƙi. Garau-garau ma yana shiga wannan sahu matuƙar an jiƙa waken tun da safe, ko an dafa shi rabin dahuwa an ajiye.

Idan maigida ba ya jin ya ci abinci sai da tuwo fa?

Wannan ba abin jayayya ba ne, domin mutane da yawa da tuwon dare suka tashi. Tuwon shinkafa ne mai jan lokaci, sai a bar shi zuwa ƙarshen mako. Tuwon garin masara ko na semo, idan ruwa ya tafasa aka yi talge, ba ya ɗaukar fiye da minti 20. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa kuma tamkar don ranakun aiki aka yi su: romon da aka ajiye, da daddawa, da ɗan markaɗe, idan sun tafasa a kaɗa garin da maburgi a hankali don kada ya yi gudaji. Faten tsaki da rama ko yakuwa, wanda mutanen Kaduna da Zariya suka san daɗinsa, yana gamsar da mai son tuwo, kuma tukunya ɗaya ce.

Yaya za a adana abinci alhali wutar lantarki ba ta tsayawa?

Nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Firji da aka bari a rufe yana riƙe sanyinsa kimanin sa'o'i 4 bayan an ɗauke wuta, firiza da ke cike kuma tana iya kaiwa kwana 2 idan ba a yawan buɗe ta. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce sa'o'i 2 a waje ba, musamman a zafin watan Maris da Afrilu, kuma shinkafa ta fi kowanne haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, tana yaɗuwa idan shinkafar ta daɗe a ɗumi, ɗumame kuma ba ya kawar da gubar da ta bari. Abin da ke cikin firji a cinye shi cikin kwana 3 ko 4. Gidan da ba shi da tabbacin sanyi ya fi kyau ya dogara da busassun kaya, wato kuka da kuɓewa da busasshen tumatir da kifi banda da ƙuli-ƙuli da zogale, waɗanda iyayenmu suka ciyar da gidaje da su tun kafin zuwan firji.

Shin akwai laifi a riƙa dafa wa yara indomi kowane dare?

Jefi-jefi babu laifi, amma kullum ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali guda, na yara kuma ya gaza haka, alhali ƙullin ɗanɗanon da ke cikin ledar indomi, gishiri ne mafi yawansa. Idan za a dafa, a zuba rabin ƙullin, a ƙara ƙwai da karas da kabeji.

Dole ne aikin ya zama na uwargida ita kaɗai?

A gidan da miji da mata suke fita aiki tare, hakan ba zai ɗore ba. Maigida zai iya ɗaukar nauyin cefane da kai markaɗe da cika tukunyar gas kafin ta ƙare ana tsakiyar girki. Yaro ɗan shekara goma, namiji ko mace, zai iya tsince wake da gyara alayyahu, wanda ya fi shi girma kuma ya ɗora ruwan zafi da zarar Mama ta kira waya ta ce ta wuce gadar Kawo.