Zaɓen abinci a wurin yara

Zaɓen abinci, wanda wasu iyaye mata ke kira tsirfa, hali ne da yaro ke ƙin wasu nau'o'in abinci, ko ya ƙi ɗanɗana abin da bai saba da shi ba, alhali lafiyarsa ƙalau. Ya fi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, daga nan yakan lafa a hankali. Ya bambanta da tamowa, wadda cuta ce ta rashin abinci mai gina jiki, ko da yake zaɓen da ya yi tsanani kan iya kai yaro gare ta.

Dalilai

Jariri kan ninka nauyinsa na haihuwa kusan sau uku a shekararsa ta farko. Daga shekara 2 girman yakan ragu, ƙarin da yake yi a shekara bai cika wuce kilo 2 zuwa 3 ba, cinsa ma sai ya ragu. Uwa da ta saba ganin kofin kunu ya ƙare tas sai hankalinta ya tashi. Ana kuma haihuwar ɗan Adam da son zaƙi da ƙin ɗaci, shi ya sa yaro ke karɓar ayaba hannu bibbiyu ya kawar da kai daga kwaɗon zogale. Fitowar haƙori, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da ƙarancin jini duk suna rage cin abinci. Haka ma alewa, biskit da lemon kwalba, idan an ba yaro daf da lokacin tuwo.

Yaye da ɗura a al'adar Hausawa

A ƙasar Zazzau, kamar sauran ƙasar Hausa, an saba yaye yaro yana da wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, malamai kuma kan kafa hujja da aya ta 233 ta Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwar shekara biyu cikakku. Ranar yaye akan kai shi gidan kaka, ya rabu da nono da uwa lokaci guda. Wasu kan shafa abu mai ɗaci a kan nono don ya ƙyamace shi. Kaka ce ke rarrashinsa da koko, kunun gyaɗa, fura da ɗan nama, kuma da yawa daga abin da mutum zai so ci har tsufansa a hannunta yake fara koya.

Ɗura tsohuwar hanya ce ta ciyar da yaron da ya ƙi sha. Akan kwantar da shi a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a riƙa zuba kunu, wani lokaci har a toshe masa hanci don ya haɗiye dole. Masu yin ta ƙauna ce ke sa su da tsoron kada yaro ya rame, amma ma'aikatan lafiya sun hana ta, domin kunun na iya bin hanyar numfashi ya shaƙe yaro ko ya jawo masa ciwon huhu. Yaron da aka saba yi wa ɗura kan fara kuka tun daga hango kofi.

Akwai kuma camfin cewa yaron da aka saba ba shi ƙwai zai tashi ɓarawo. Ba shi da tushe, kuma ya hana yara da yawa abinci mai amfani. A gidajen da yara ke ci a kwano ɗaya, ƙaramin da ba ya sauri shi ke tashi da yunwa, nama kuwa na manya ne.

A ɓangaren addini, hadisi ya zo cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ya kuma koya wa yaro Umar ɗan Abu Salama ya ambaci sunan Allah, ya ci da hannun dama, ya ci daga gabansa.

Binciken masana

A 1928 wata likitar yara a Amurka, Clara Davis, ta fara wallafa sakamakon wani gwaji inda aka riƙa jera wa jariran da aka yaye abinci iri-iri marasa sukari, aka bar su suka zaɓa da kansu. Sun girma lafiya. Masana na jan hankali cewa duk abin da aka jera musu mai kyau ne, don haka gwajin bai nuna a sakar wa yaro komai ba. Tun daga wajajen 1980 binciken Leann Birch, masaniyar halayyar yara a Amurka, ya nuna cewa yawan gabatar da abinci ke sa yaro ya karɓe shi, sau da yawa sai an kai sau 8 zuwa 15, kuma tilasta masa ko yi masa alkawarin alewa in ya cinye na ƙara masa ƙin abincin. A shekarun 1980 ɗin ne kuma Ellyn Satter, masaniyar abinci mai gina jiki a Amurka, ta fito da tsarin raba aiki: iyaye su zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro ya zaɓi ko zai ci da yawan da zai ci.

Shawarwarin lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a fara ƙarin abinci, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Daga wata 9 yaro na bukatar ci sau 3 zuwa 4 a rana, kuma ana son ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunan abinci 8 (kamar nono, hatsi, wake, nama, ƙwai da ganye) a rana. Kunu ya yi kauri, kada ya zama tsululu. A ba yaro kwanonsa, a zuba kaɗan, a zauna a ci tare da shi. Ba a ba jariri zuma kafin ya cika shekara.

A Kaduna

Kayan da ake bukata suna nan a Kasuwar Bacci da ta Kawo: wake, gyaɗa, waken suya, kabewa, alayyahu, rama, busasshen kifi. Faten tsaki da faten acca sun dace da mai zaɓe, saboda ganye na narkewa a ciki. Awara, alale da garin Tom Brown, wato soyayyen hatsi da aka niƙa da gyaɗa da waken suya, sun yaɗu a unguwanni. Taliyar leda kuwa ta zama abin da yara da dama ba sa yarda da waninsa.

Gwamnatin jihar ta fara ciyar da ɗaliban firamare a Janairun 2016, ta kuma amince da hutun haihuwa na wata 6 ga ma'aikatanta mata a 2019. Ana saɓani kan tasirin shirin ciyarwar.

Zuwa asibiti

Ana kai yaro asibiti idan yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko yana amai da gudawa, ko haɗiya na ba shi wuya. A can ana auna damtsensa da tef mai launi; ƙasa da santimita 11.5 a yaro ɗan wata 6 zuwa 59 alamar tamowa ce mai tsanani. Maganin ƙara cin abinci da ake saya a kemis ba a ba yaro shi sai da izinin likita.