Yarjejeniyar Montreal: dokar da ta kai har shagon mai gyaran firij

Duk mai gyaran firij da ya daɗe a sana'a ya san gas ɗin R-12, ya kuma san an daina shigo da shi. Yarjejeniyar da aka rattaba wa hannu a birnin Montreal na Kanada ranar 16 ga Satumba, 1987 ce ta kawar da shi, kuma babu ƙasar da ba ta cikinta a yau.

Can sama akwai wata shimfiɗar iska, ozon, mai tare kaifin hasken rana da ke haddasa sankarar fata da yanar ido. R-12 da danginsa da ake kira CFC suna ɗauke da sinadarin kulorin, wanda ƙwayarsa guda kan lalata dubban ƙwayoyin ozon. A 1985 masana suka bayyana cewa shimfiɗar ta ɓule a saman Antaktika.

Dokar ba ta ce a ƙwace tsohon firij ɗin kowa ba. Masana'anta da masu shigo da kaya ta kama: dole su sami lasisi, a yanka musu kason da za su shigo da shi, kason kuma yana raguwa. Ƙasashe masu tasowa irin Najeriya da Nijar sun rufe babin CFC a 2010. Yanzu layi ya zo kan R-22 na na'urar sanyaya ɗaki: ragin kashi 35 cikin ɗari a 2020, kashi 67.5 a 2025, sannan a tsayar a 2030, ban da kashi 2.5 da aka bari don gyaran tsofaffin na'urori zuwa 2040.

R-134a, magajin R-12, ba ya cin ozon, amma wajen ɗumama duniya kilonsa ɗaya ya haura kilo 1,400 na iskar kabon. Shi ya sa a 2016 aka yi wa yarjejeniyar kwaskwarima a Kigali. A rukunin ƙasashen da Najeriya da Nijar ke ciki, an hana adadin irin wannan gas ƙaruwa daga 2024, ragin farko na kashi 10 zai zo a 2029, har a kai kashi 80 a 2045.

A shago ne ake yawan yin ɓarna. Sabbin firij na amfani da R-600a, wanda wuta ke kamawa, kuma abin da ke cikin na gida bai kai giram 150 ba. A sikeli ake auna shi, ba da ƙiyasi ba. Kafin a kunna wutar walda sai an fitar da gas ɗin kaf, a buɗe ƙofa iska ta ratsa. A duba takardar da ke manne a jikin kwamfuresa, domin kowane gas da irin mansa. Wanda ya ɗura R-134a inda aka rubuta R-600a, kwamfuresan zai yi zafi ya ƙone. Yanke bututu a bar R-22 ya yi ta tsiyaya cikin iska kuwa asara biyu ce, domin da an zuƙe shi cikin silinda da ya sake amfani, ga shi kullum tsada yake ƙarawa.

Zuwa yanzu an kawar da kusan kashi 99 na sinadaran da ke cin ozon. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna shimfiɗar za ta koma yadda take a 1980 a yawancin duniya wajen 2040, ta saman Antaktika kuwa sai wajen 2066.