'Yanci daga Zunubi da Jarabar Shaye-shaye a Koyarwar Kirista

'Yanci daga zunubi, a koyarwar addinin Kirista, shi ne kuɓutar da mutum yake samu daga laifin zunubi da kuma ikon da zunubi yake da shi a kan nufinsa, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu da aikin Ruhu Mai Tsarki. Malaman ikilisiya sukan sanya kamuwa da giya, da miyagun ƙwayoyi, da caca, da kallon batsa a ƙarƙashin wannan batu, domin a nan ne ɗaurin ya fi fitowa fili: mutum ya san abin yana cin lafiyarsa da dukiyarsa da mutuncin gidansa, ya sha rantsuwa cewa ya daina, amma kafin a jima sai a same shi a inda ya baro. Kalmar jaraba ta dace da zancen ƙwarai, domin tana nufin gwajin da ke zuwa wa mutum daga waje, tana kuma nufin kwaɗayin da ya riga ya zauna a cikinsa har ya fi ƙarfinsa.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Siffar da Littafi Mai Tsarki ya fi amfani da ita ita ce ta bauta da fansa. Labarin fitowar Isra'ilawa daga Masar shi ne ginshiƙinta, kuma masu wa'azi sukan tuna cewa mutanen da aka 'yantar sun yi ta marmarin tukwanen naman Masar a cikin jeji, wato barin gidan bauta bai raba su da ɗabi'ar bauta nan take ba. A Bisharar Yahaya 8:34-36, Yesu ya ce duk mai aikata zunubi bawan zunubi ne, ya kuma ce wanda Ɗan ya 'yantar ya 'yantu da gaske.

Manzo Bulus ne ya fi zurfafa bayanin a wasiƙarsa zuwa ga Romawa. A sura ta 6 ya koyar da cewa wanda aka yi wa baftisma ya mutu tare da Almasihu, ya tashi tare da shi, don haka zunubi ba shi da sauran hakkin mulki a kansa. A sura ta 7 kuma sai ga kukan mutumin da ba ya yin nagarin abin da yake so, sai mugun abin da ba ya so. Masana sun daɗe suna saɓani a kan ko Bulus yana bayyana halin wanda bai tuba ba ne ko na mai bi, amma da wuya a sami wanda shaye-shaye ya kama da zai karanta wannan sura bai ga kansa a ciki ba. Sura ta 8 ta buɗe da cewa babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Wannan jeri yana da muhimmanci, domin gafara ce take zuwa da fari, gyaran hali ya biyo baya, kuma kamunkai, bisa ga Galatiyawa 5:22-23, 'ya'yan Ruhu ne, ba kuɗin da ake biya kafin a sami karɓuwa ba.

Sarƙar al'ada

Augustin na Hippo (354-430), bishop daga Arewacin Afirka, ya bar bayanin da har yau ake komawa gare shi. A littafinsa na furci da ya rubuta wajen shekarar 400, ya kwatanta ɗaurinsa da sarƙa mai zobe-zobe: karkataccen nufi ya haifi sha'awa, biye wa sha'awa ya zama al'ada, al'adar da ba a yi tsayayya da ita ba ta zama dole. Ba giya ce matsalarsa ba, sha'awar jiki ce, amma siffar ta yi daidai da kowace irin jaraba. Ya ba da labarin yadda, a wani lambu a birnin Milan a shekarar 386, ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta, ya buɗe Romawa 13:13-14, inda aka hana buguwa da fasikanci, aka ce a yafa Ubangiji Yesu Almasihu. An yi masa baftisma a 387.

Daga wannan ne ya tsaya tsayin daka gaba da wani malamin Kirista na zamaninsa mai suna Pelagiyus, wanda ya koyar da cewa mutum yana da ikon barin zunubi idan ya ƙudura. Augustin ya nace cewa nufin da ya kamu ba ya iya kwance kansa, sai alherin Allah ya riga shi. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a birnin Kartej a 418 ta yi watsi da ra'ayin Pelagiyus. Muhawarar ba ta malamai kaɗai ba ce, domin duk wanda ya taɓa ce wa mashayi ya daure kawai ya daina ya ɗauki ɓangare a cikinta, ko ya sani ko bai sani ba.

Bambancin ɗarikoki

Ɗarikoki sun yarda cewa 'yanci kyauta ce, sun bambanta a kan yadda take cika a rayuwa. Katolika da Otodoks suna ba da ƙarfi ga furta zunubi a gaban firist, da Jibin Ubangiji, da azumi. Martin Luther, jagoran Furotesta na farko, wanda ya yi rubutu a kan 'yancin Kirista a 1520, ya koyar da cewa mai bi adali ne kuma mai zunubi a lokaci guda, saboda haka tuba aiki ne na kullum. John Wesley (1703-1791), wanda ɗarikar Methodist ta samo asali daga aikinsa, ya sa rai ga tsarkakewa mai zurfi tun a wannan duniya, ya kuma tsara mabiyansa cikin ƙananan rukunoni masu haɗuwa mako-mako, inda kowa yake faɗin halin da ransa yake ciki. Fentikostal kuwa sun fi jaddada addu'ar kuɓutarwa da cikawar Ruhu.

Ayyukan farfaɗo da mashaya

A ƙarni na 19 ne aikin ya zama na ƙungiyoyi. Fada Theobald Mathew ya fara kiran jama'a zuwa alkawarin barin giya a Cork ta ƙasar Ayaland a 1838. William Booth ya soma wa'azi a unguwannin talakawa na gabashin Landan a 1865, aikin da ya zama Salvation Army, a 1877 kuma Fasto Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Blue Cross a Jeneba. Katolika suna tunawa da Matt Talbot (1856-1925), lebura a Dublin, wanda ya fara shan giya tun yana yaro, ya ɗauki alkawarin dainawa a 1884, ya kuma riƙe shi har mutuwarsa.

Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda a cikinta mashaya suke taimakon juna su daina giya, ta samo asali ne a 1935 a Akron, jihar Ohio ta Amurka, daga haɗuwar Bill Wilson da Dakta Bob Smith, waɗanda dukansu suka ratsa ta wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group. Matakanta goma sha biyu, da aka buga a 1939, suna ɗauke da tsohon tsarin tuba: amincewa da rashin ƙarfi, miƙa kai ga Allah, binciken zuciya, furci a gaban wani mutum, biyan hakkin waɗanda aka cuta, da taimakon wani mai irin matsalar. Sai dai ƙungiyar ba ta ɗaure kanta da wani addini ba, ta bar kowa ya kira Allah yadda ya fahimce shi. Wannan ya sa wasu Kiristoci suka kafa shirye-shiryen da ke ambaton Almasihu kai tsaye, irin su Teen Challenge, wanda ya tsiro daga aikin da David Wilkerson ya fara a tsakanin matasan New York a 1958, da Celebrate Recovery, wanda John Baker ya fara a cocin Saddleback ta Kalifoniya a 1991.

Zunubi ne ko cuta?

Likitoci suna ɗaukar kamuwa da maye a matsayin cuta mai daɗewa wadda take sauya yadda ƙwaƙwalwa ke jin daɗi da yadda take danne kwaɗayi, har jiki ya riƙa neman ƙari kafin ya ji abin da kaɗan ke ba shi a da. Wasu masu wa'azi suna tsoron cewa kiran abin cuta zai ɗauke wa mutum alhakinsa, wasu likitoci kuma suna ganin kiransa zunubi yana ƙara kunyar da ke hana neman taimako. Yawancin masu aikin kai tsaye da mashaya sun ga cewa bayanan biyu ba sa cin karo, domin abin da ya fara da zaɓi yana iya zama ɗauri a jiki da ruhu gaba ɗaya. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, da aka fitar a 2020 ya nuna cewa shirye-shiryen da ke kai mashaya ga matakai goma sha biyu suna yin daidai da sauran hanyoyin jinya, ko ma su fi su, wajen taimaka wa mutum ya daina giya ɗungurungum.

Akwai shaidu na waɗanda kwaɗayin ya bar su a rana ɗaya bayan addu'a, kuma ikilisiya tana karɓarsu da godiya. Amma kuskure ne mai tsada a mai da wannan ma'auni ga kowa, domin wanda ya sake faɗuwa sai ya ɗauka Allah ya ƙi shi, ya ɓoye halinsa, ya janye daga jama'ar da ya fi bukata. Yakubu 5:16 ya umarci masu bi su riƙa furta wa juna zunubansu, su yi wa juna addu'a don su warke, kuma umarnin yana nuna cewa faɗuwa bayan tuba abu ne da aka san zai faru.

Haɗarin jiki ma na gaske ne. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, idan ya yanke ta farat ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga da ruɗewa mai kisa, don haka dainawar tana bukatar kulawar asibiti. Wanda kuma ya bar hodar heroin ko makamantanta na wasu makonni, idan ya koma ga adadin da ya saba sha, jikinsa ba zai iya ɗauka ba, kuma mutane da yawa sun mutu ta wannan hanya. Shi ya sa cibiyoyin Kirista masu lura suke haɗa addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki da duban likita, ba sa kuma hana mai jinya magungunan da aka rubuta masa, irin su methadone, buprenorphine da naltrexone.