Me ya sa 'yan Chicano suke rubuta tarihinsu a jikin bango?

Su wane ne 'yan Chicano?

Amurkawa ne 'yan asalin Meziko. Kakannin wasunsu suna zaune a gidajensu aka wayi gari ƙasarsu ta koma hannun Amurka, bayan yarjejeniyar 1848 da ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meziko. A da sunan na raini ne, sai matasan shekarun 1960 suka mayar da shi abin tinƙaho.

Me ya kai su bango, alhali ga takarda?

Littattafan makaranta sun yi kamar ba su san da zamansu ba, bango kuwa ba a biyan kuɗin kallonsa. Al'adar daga Meziko suka gado ta, wajen manyan masu zanen bango irin su Diego Rivera da Siqueiros. A 1932 Siqueiros ya zana wani ɗan asalin ƙasa a gicciye ƙarƙashin gaggafa, a titin Olvera na Los Angeles. Ba a jima ba aka shafe shi da farin fenti.

Ina ne abin ya fi shahara?

Unguwar Barrio Logan ta San Diego. Da farko babbar hanya ta raba unguwar gida biyu, sannan a 1969 aka dasa musu gadar Coronado a ka. Aka lallashe su da alƙawarin filin shaƙatawa a ƙarƙashinta. Ranar 22 ga Afrilu, 1970, sai ga katafila ta zo share wurin, ashe ofishin 'yan sandan hanya za a gina. Jama'a suka fito, tsofaffi da ɗalibai, suka tare motocin, suka shiga dasa shuke-shuke. Kwana 12 suna wurin kafin hukuma ta saduda. A 1973 aka fara zane a ginshiƙan gadar: jaruman tsohuwar daular Aztek ta Meziko, Zapata jagoran juyin juya halin Meziko, Cesar Chavez shugaban ƙungiyar ma'aikatan gona, da leburorin gona. A ganina daɗin labarin ke nan, ginshiƙan da suka danne unguwar su ne suka zama allonta. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa filin cikin wuraren tarihin ƙasa.

Mutum ɗaya ke zanawa?

Da wuya. Judy Baca ta fara Babban Bangon Los Angeles a 1976, a jikin magudanar ruwa, da matasa sama da 400. Tsawonsa ya ɗan haura rabin mil. A cikin zanen har da iyalan unguwar Chavez Ravine da aka tasa, wurin da filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Dodgers yake yanzu.