Bandikut da ɓeran bandikut: suna ɗaya, jini daban

Me ya haɗa su har suke amsa suna ɗaya?

Kama ce kawai. Sunan ya samo asali daga harshen Telugu na kudancin Indiya, inda ake kiran wani ƙaton ɓera "pandikokku", wato ɓera mai kama da alade. Da Turawa suka isa Ostareliya suka ga wata dabba mai dogon hanci tana tono a ƙasa, sai suka liƙa mata sunan, ya kuma bi ta har yau.

To, 'yan'uwa ne?

Ko kusa. Ɓeran bandikut yana cikin dabbobi masu gwaguya, rukunin da ya fi kowane yawa a cikin masu shayarwa, da nau'i sama da 2,000. Shi kuwa bandikut na Ostareliya da Niyu Gini ɗan dangin kangaru ne, masu renon 'ya'ya a jakar ciki. Kakannin rukunan biyu sun rabu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce.

Duba baki za ka gane. Ɓera yana da haƙoran gaba biyu sama, biyu ƙasa, masu tsiro har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa ba ya daina gwaguya, kuma ba shi da fiƙa. Bandikut yana da ƙananan haƙoran gaba masu yawa da fiƙoƙi. A ƙafarsa ta baya kuma, yatsa na biyu da na uku a manne suke, yana taje gashinsa da su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haihuwa. Macen bandikut mai launin ƙasa ta arewacin Ostareliya tana ɗaukar ciki na kwana 12 da rabi kacal. Ɗan yana fitowa bai fi ƙwayar wake ba, ya rarrafa ya shiga jaka ya kama nono, ya zauna kusan wata biyu. Bakin jakar baya yake kallo, don haka idan uwar tana tono ƙasa ba ta zubo wa ɗan.

A ina kowannensu yake zama?

Ɓeran ya bazu daga Indiya da Sri Lanka zuwa Tailan da kudancin Sin, yana haƙa rami a gonakin shinkafa da bayan gidaje. Bandikut ya fi son ciyayi da kurmi, da dare yake fita neman tsutsotsi da ƙwari da saiwa, ya bar ƙananan ramuka masu tsukakken gindi.

Wanne ke cikin haɗarin ƙarewa?

Ba ɓeran ba. Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu ta duniya, ta sanya shi cikin waɗanda ba a fargaba a kansu, manoma ma yaƙarsa suke yi saboda ɓarnar hatsi.

Dangin bandikut ne abin tausayi. Kyanwowi da yanyawa da Turawa suka kai Ostareliya sun yi musu mummunar illa, ga gobarar daji da sare kurmi. Bandikut mai ƙafar alade da na hamada sun ƙare ƙurmus. Mai launin zinariya, wanda a da ya mamaye yanki mai faɗi, yanzu galibi sai a yankin Kimberley na arewa maso yammacin Ostareliya da wasu tsibirai kamar Barrow. Na tsibirin Seram a Indunusiya kuwa, masana sun san shi ne daga 'yan ƙalilan da aka kama a 1920.