Kariya ba ƙishi take ji ba lokacin ɗari

Da hunturu ya shigo Yamai a watan Disamba, sai ka ga kariya, itacen nan mai kaurin gindi da ke cikin tukunya a tsakar gida, ta kakkaɓe ganyenta tsaf. Nan take masu gida ke cewa ƙishi ne, su dinga kwarara mata ruwa safe da maraice. Wallahi abin na damuna, don ruwan nan shi ke kashe ta.

Kariya itacen ƙasar fari ce. Wannan kaurin gindin nata rumbun ruwa ne da ta tara tun damina. Zubar da ganye dabara ce ta rage asarar ruwa ga busasshiyar iska, kuma a kan rassan nan tsirara furenta mai ruwan hoda ke fitowa da rani. Sanyin dare yana rage mata sha, ƙasar tukunya ta daɗe a jiƙe, saiwa ta ruɓe. Matsa gindin: in da tauri, lafiyarta lau. In ya yi laushi alhali ƙasa na jiƙe, ruɓa ta shiga.

Salati da kabeji na garka su ke son ruwa kullum. Ita kuwa sai ƙasa ta bushe ƙarau, kuma a huda gindin tukunya. A hana yara taɓa ruwan jikinta, dafi ne.